Yadda Ake Kula da Tsofaffin Hasumiyoyin Dutse na Svaneti Ba Tare da an Ɓata Su Ba

A arewa maso yammacin ƙasar Jojiya, can cikin tsaunukan Kaukasus inda kogin Enguri ya samo asali, akwai yankin da ake kira Svaneti, wanda ya yi suna saboda dogayen hasumiyoyin dutse da ke tsaye jikin gidajen mutane. Akasarinsu an gina su ne tsakanin ƙarni na 9 zuwa na 13, masu hawa uku zuwa biyar, wasu tsayinsu ya kai mita 20 zuwa 25. Kowane dangi na da tasa, a ciki suke fakewa idan mahara sun zo ko kuma gaba ta jini ta tashi tsakaninsu da maƙwabta. A shekarar 1996 hukumar UNESCO ta sa Svaneti ta Sama a jerin wuraren tarihi na duniya, kuma ƙauyen Chazhashi, ɗaya daga cikin ƙauyuka huɗu na Ushguli, shi ne zuciyar wurin da aka keɓe. Ushguli tana kusan mita 2,100 sama da teku, a gindin dutsen Shkhara, kuma dusar ƙanƙara kan rufe ta kusan rabin shekara. Duk wanda zai sa hannu a gyaran hasumiya a irin wannan wuri, mai gida ne, magini ne, ko jami'in hukumar adana kayan tarihi, ya kamata ya san cewa abubuwa biyu ne suka fi rusa waɗannan gine-gine: ruwan da ke shiga bango, da kuma gaggawar mai gyaran da bai tsaya ya fahimci ginin ba.

Aikin farko ba da guduma ake yin sa ba, da ido da takarda ake yi. Kafin a taɓa ko dutse ɗaya, a zagaya hasumiyar a ɗauki hoton kowace fuska daga ƙasa har sama, a auna faɗinta da tsayinta da kaurin bangonta a kowane hawa, a zana inda ƙofa da tagogin harbi suke, sannan a rubuta duk wata tsaga da duk wurin da bango ya kumbura. A yau ƙaramin jirgi maras matuƙi yana sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, domin da ɗaruruwan hotunan da ya ɗauka ana iya haɗa siffar ginin gaba ɗaya a kwamfuta, har a ga saman rufin da ba wanda ya hau cikin shekaru masu yawa. Amma hoto ba ya maye gurbin tsofaffin gidan. Su ne suka san shekarar da rufin ya faɗa, da lokacin da aka toshe wata taga, da ko an taɓa ajiye ciyawa ko dabbobi a hawa na ƙasa, kuma irin wannan bayani sau da yawa shi ke warware wa injiniya abin da awonsa ya kasa bayyanawa.

Akwai wani abu da baƙon magini kan yi kuskure a kansa tun a nan. Hasumiyar Svaneti da gangan aka yi ta tana tsukewa zuwa sama, gindinta ya fi kanta faɗi, don haka bangon da ya ɗan kwanta ciki ba alamar lalacewa ba ne. Haka nan wasu hasumiyoyin sun karkata tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ƙasa ta zauna a ƙarƙashinsu, suka tsaya a haka. Abin da ake son sani shi ne ko har yanzu ginin yana motsi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A sami tsagar da ake zargi, a manna wani ɗan siririn gilashi ko dunƙulen farar ƙasa a gicciye a kanta, a rubuta ranar a gefe. Idan tsagar tana ƙara buɗewa, gilashin zai fashe ko dunƙulen ya rabe biyu. Akwai kuma 'yan faifan roba masu layukan milimita da ake sayarwa don wannan aiki, ɗaya yana zamewa kan ɗaya, ana karanta yawan motsin kai tsaye. A saki igiya mai nauyi a baki daga saman hasumiyar, a auna tazararta da bango a ƙasa, a rubuta. Sai an bi waɗannan alamu aƙalla shekara guda cur, an ga sanyi an ga narkewar ƙanƙara, kafin a yanke hukunci, domin akwai tsagar da ke buɗewa da sanyi ta koma ta rufe da zafi ba tare da wani haɗari ba. Wadda ke ƙara faɗi wata bayan wata ita ce ke buƙatar injiniya nan take, tare da tokare bangon da manyan katakai kafin ya iso.

Bayan an san halin ginin, sai rufi. Idan kuɗin da ke hannu bai isa komai ba sai abu ɗaya, to a kashe shi a kan rufi. Dalili shi ne bangon hasumiya fuska biyu ne na duwatsun da aka jera, tsakaninsu kuma cike da ƙananan duwatsu da kwaɓin farar ƙasa. Muddin saman bangon a rufe yake, wannan ciko a bushe yake kuma yana riƙe da fuskokin biyu. Da zarar rufi ya tafi, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara za su riƙa tsiyaya ta tsakiya suna wanke kwaɓin, kuma idan dare ya yi sanyi ya sauka, ruwan ya daskare. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ɗan ƙarin, idan ya maimaitu sau da dama a cikin kaka da bazara, shekara bayan shekara, shi ke tura fuskar waje har ta kumbura kamar ciki, wata rana ta zube gaba ɗaya. Mutane kan ce hasumiyar ta faɗi dare ɗaya, alhali ta yi shekara talatin tana faɗuwa.

Rufin asali a Ushguli na fallayen dutse ne da ake fasowa daga tsaunukan yankin, ana jera su kan katako, na sama yana rufe bakin na ƙasa kamar ɓawon kifi. A wasu ƙauyukan na ƙasa, inda daji ya fi yawa, an yi amfani da fallayen itace. Abin da ya dace shi ne a mayar da irin wanda aka tarar, a tattara tsofaffin fallayen da suka zubo a gindin hasumiya a sake amfani da masu lafiya, a cike giɓin da sababbi daga irin dutsen. A duba katakan da ke ɗauke da su sosai, musamman bakin da ya shiga bango, domin a nan ruɓa ke farawa, kuma nauyin fallayen dutse haɗe da dusar ƙanƙara ba abin wasa ba ne. Rufin kwano ya yaɗu a ƙauyukan saboda arha da sauƙi, kuma ba daidai ba ne wanda ke zaune a Tbilisi, babban birnin ƙasar, cikin ɗumi ya zargi talakan da ya sa kwano don kada ruwa ya zubo wa 'ya'yansa. A ra'ayina kwano na wucin gadi a kan hasumiya ya fi barin ta a buɗe sau dubu, da sharaɗin a ɗaure shi ta yadda za a iya cire shi ba tare da an huda tsofaffin duwatsu ba, kuma kowa ya san na wucin gadi ne.

Sai ƙasan ginin. A tsaye a gindin hasumiya lokacin da ake ruwa, ko lokacin da ƙanƙara ke narkewa a watan Afrilu da Mayu, a ga inda ruwa ke bi. Sau da yawa za a tarar cewa tarin taki, toka da ɓaraguzai sun ɗaga ƙasar da ke jikin bango har ta fi yadda take a da, ruwa yana kwanciya a nan yana jiƙa harsashi. A kwashe wannan tari a hankali da hannu, a gyara gangaren ƙasar ya kai ruwa nesa, a haƙa ɗan magudanar tsakuwa ta ɓangaren tudu idan akwai buƙata. Kada a yi haƙa mai zurfi jikin harsashi, kada kuma a kawo motar haƙa, domin ƙasar da ke kewaye da irin wannan gini tana ɗauke da tarihi, kuma wajibi ne masanin tonon kayan tarihi ya kasance a wurin. Bishiyoyin da suka tsiro a bango a sare su daga gindi, a kashe kututturen, a bar saiwar ta bushe kafin a zare ta. Wanda ya fizge ɗanyen itace daga tsohon bango zai fito da duwatsu tare da shi. Gansakuka da ƙananan tsiron da ke manne a fuskar dutse yawanci ba su da wata illa, a ƙyale su.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci ga magini, wato abin da za a kwaɓa. Magabatan da suka gina waɗannan hasumiyoyi da farar ƙasa ƙonanniya da yashi suka yi aiki, kuma da ita za a gyara. Siminti ba shi da wuri a nan. Duk wanda ya taɓa ganin gidan ƙasa a Kano ko Zariya da aka yi wa yaɓen siminti, bayan 'yan damina yaɓen ya ɓamɓaro kamar faifai ya bar jiƙaƙƙen bango yana zagwanyewa a baya, ya riga ya fahimci matsalar. Siminti ya fi tsohon kwaɓi tauri nesa ba kusa ba, ba ya barin danshi ya fita, kuma yana ɗauke da gishirin da ke cin dutse. Bangon farar ƙasa yana shan ruwa ya kuma fitar da shi ta gaɓoɓin da ke tsakanin duwatsu, yana ɗan lanƙwasawa idan ƙasa ta motsa, ya rarraba motsin cikin ƙananan tsagogi masu yawa. Idan aka toshe gaɓoɓin da siminti, ruwan da ya shiga ta sama ba shi da mafita, sai ya taru a ciki ya jira sanyi. Ga kuma girgizar ƙasa, wadda yankin ya sani sarai: a ranar 29 ga Afrilu 1991 wata babba ta afka wa Racha, maƙwabciyar Svaneti, ta lalata ƙauyuka da tsofaffin majami'u. Bangon da aka ɗaure wani sashensa da abu mai tauri, aka bar sauran da laushinsa, a mahaɗar nan yake karyewa.

Yadda ake haɗa kwaɓin kuwa, da farko a ɓalli ɗan guntun tsohon kwaɓi daga wurin da ba a taɓa gyarawa ba, a kai ɗakin gwaji a san yawan farar ƙasar da ke ciki da irin yashin, da girman tsakuwarsa. Ko ba a sami ɗakin gwaji ba, murƙushe shi a tafin hannu yana nuna launin yashin da kaushinsa, kuma galibi za a tarar daga rafin da ke kusa aka ɗebo shi. Ana samun farar ƙasar gini ne ta hanyar ƙona dutsenta a zafin da ya kai kusan digiri 900, sannan a jiƙa ta da ruwa. Wannan jiƙon yana da haɗari, domin tana tafasa tana fantsama, tana ƙona fata tana makantar da ido, don haka tabarau da safar hannu dole ne. Idan za a yi amfani da ita a matsayin kunu mai kauri, a bar ta a rami ƙarƙashin ruwa aƙalla wata uku, kuma duk daɗewarta ƙara kyau take yi. Awon da aka saba shi ne kashi ɗaya na farar ƙasa ga kashi biyu da rabi ko uku na yashi mai kaushi, amma tsohon kwaɓin ginin shi ne alƙali. A wuraren da ruwa ke yawan duka, kamar saman bango da gindinsa, ana amfani da nau'in farar ƙasar da ke iya ƙamewa ko cikin danshi, sai dai a zaɓi mai rauni daga cikinta, kada kwaɓin ya fi dutsen ƙarfi.

Wajen cike gaɓoɓi, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen kwaɓin da hannu, da ƙaramin cizal, zuwa zurfin da ya kai kusan ninki biyu na faɗin gaɓar. Injin yanka ba ya shiga wannan aiki, domin yana cin bakin duwatsu ya bar tabon da ba ya gyaruwa. Duk kwaɓin da ya ƙi fita da sauƙi lafiyarsa ƙalau, a bar shi. A share ƙurar, a yayyafa ruwa, a danna sabon kwaɓi da ƙarfi, kaɗan-kaɗan, ana cusa 'yan ƙananan duwatsu a manyan giɓi kamar yadda magina na farko suka yi. Kwaɓin ya zama mai tauri, wanda idan aka dunƙula shi a hannu zai tsaya bai ɗiga ba. Idan ya fara ƙamewa, har ɗan yatsa ba ya lotsa shi amma farce yana iya, sai a bubbuga fuskarsa da burushi mai kaushi don yashin ya bayyana. Daga nan a rufe wurin da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa musu ruwa na kwanaki, domin farar ƙasa ba bushewa kawai take yi ba, iskar da ke kewaye take sha a hankali har ta koma dutse, kuma wannan yana ɗaukar makonni. Idan rana ko iska ta busar da ita da wuri, gari za ta zama. Idan sanyi ya kama ta kafin ta ƙame, haka nan. Ƙa'idar ita ce kada a yi aikin farar ƙasa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, kuma a tsayin Ushguli wannan yana nufin lokacin aiki gajere ne, daga farkon zafi zuwa wajen ƙarshen Agusta. Ɗan kwangilar da aka ba kuɗi a makare, yana ƙoƙarin gamawa a Oktoba don ya rufe lissafin shekara, aikin da zai zube a bazara mai zuwa yake yi.

Inda cikin bango ya riga ya zama kogo, wanda ake ganewa ta ƙarar da yake yi idan an ƙwanƙwasa, ana ɗura ruwan farar ƙasa ta ƙananan bututu, ana farawa daga ƙasa ana hawa, ɗan tsayi kaɗan a kowace rana don kada nauyin ruwan ya tura fuskar bangon waje. Inda kuma ba makawa sai an sauke wani sashe an sake jera shi, a rubuta lamba a kan kowane dutse da alli, a ɗauki hoto, a shimfiɗa su a ƙasa bisa tsarinsu, kowanne ya koma mazauninsa da fuskar da yake kallo a da. Idan injiniya ya ga dole a ɗaure bangaye da ƙarfe, ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, domin baƙin ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa dutsen da aka sa shi ya riƙe.

Tambayar da ke raba kan masu gyara ita ce iyakar abin da za a sake ginawa. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda har yau ita ce madogarar masu wannan sana'a, ta ce gyara ya tsaya a daidai inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya dace da ginin amma mai lura ya iya bambanta shi da na asali. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan kan hasumiya ya rushe, wato sashen nan mai 'yan bakunan da suka fito waje inda ake leƙen maƙiyi ana jefa masa duwatsu, kuma akwai tsohon hoto ko ragowar da ke nuna yadda yake, ana iya mayar da shi. Idan babu, kwaikwayon kan hasumiyar maƙwabta ƙarya ce da aka gina da dutse, domin ba su zama iri ɗaya ba. Gara a daidaita saman bangon yadda ya tsaya, a rufe shi daga ruwa, a bar shi guntu. Haka nan ƙofar shiga, wadda a yawancin hasumiyoyi tana sama da ƙasa, ana isa gare ta da tsani ko ta cikin gidan da ke manne da ita. Fasa sabuwar ƙofa a ƙasa don sauƙin masu yawon buɗe ido yana raunana gindin ginin, yana kuma shafe dalilin da ya sa aka yi shi. Wanda ke son ganin yadda ake aiki da hankali a irin wannan tsauni ya dubi Mutso, tsohon ƙauyen dutse a yankin Khevsureti na gabashin Jojiya, wanda Hukumar Adana Kayan Tarihi ta ƙasar ta gyara tare da horar da mutanen yankin aikin dutse, har aikin ya sami lambar yabo ta Europa Nostra, ƙungiyar kare kayan tarihi ta Turai, a 2019.

Kada kuma a ɗauki hasumiya a matsayin abu mai zaman kansa. Tare take da gidan da ake kira machubi, babban ɗakin hunturu inda iyali da shanunsu ke kwana kewaye da murhu ɗaya, da siraran lunguna, da majami'u irin su Lamaria da ke saman Ushguli. Hasumiyar da aka gyara tsaf amma aka jingina mata masaukin baƙi na bulo mai hawa uku ta yi asarar rabin darajarta. Mutanen ƙauyen suna da haƙƙin neman abinci daga baƙin da ke zuwa, don haka hani kaɗai ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne ƙa'ida bayyananniya a kan tsayin sabon gini da kayan da za a yi shi da su, da tallafin da zai sa fallen dutse ya daina fin ƙarfin mai gida, da kuma tazarar da manyan motoci za su bari tsakaninsu da tsofaffin bangaye.

Batun mallaka yana iya tsayar da aiki fiye da rashin kuɗi. Bayan mummunar zaftarewar dusar ƙanƙara ta farkon 1987, wadda ta kashe mutane da dama a Svaneti ta kuma yi wa ƙauyen Murkmeli ɓarna, an kwashe iyalai masu yawa zuwa filayen da ke ƙasa da tsaunuka, wasu kuma suka bi su daga baya don neman aiki. Hasumiya ɗaya tana iya zama gadon gidaje da yawa da suka warwatsu, kowa na da haƙƙi, ba wanda ke da alhaki. Kafin a kafa katakon hawa, a nemo magadan, a zauna da su, a rubuta wanda ya amince da me, a sami izinin hukuma kamar yadda dokar kayan tarihi ta Jojiya ta tanada, sannan a fitar da mutum ɗaya mazaunin ƙauyen wanda mabuɗi zai zauna a hannunsa.

Wannan mutum shi zai ci gaba da aikin bayan magina sun tafi. Sau biyu a shekara zai hau: da bazara bayan ƙanƙara ta narke, ya ga fallayen da suka zame da duwatsun da suka faɗo, da kuma kaka kafin hanya ta rufe. Zai riƙe littafi guda inda yake rubuta ranar hawa, da awon alamun da ke kan tsagogi, da duk wurin da ya ga danshi a cikin bango, yana ɗaukar hoto daga wurare guda a kowane zuwa don a iya kwatantawa. A hawan kaka zai mayar da duk fallen da ya goce, ya share magudanar da ke bayan ginin, ya kwashe busasshiyar ciyawa da itacen wuta da aka jingina a bango saboda gobara, ya taka kowane katakon daɓe ya ji ko ya yi laushi, sannan ya sa raga a tagogin sama don tsuntsaye kada su shiga, amma kada ya toshe su, domin iskar da ke ratsa hasumiyar daga ƙasa zuwa sama ita ce ke busar da cikinta har zuwa watan Mayu.